Fenlan Mai Dagi da Maginan Tudun Sarki

Idan motocin baƙi suka tsaya a gindin Tudun Sarki, kowa gabas yake nufa, wajen babban zauren da aka jera sojojin yumɓu a ƙarƙashin gilashi. Can ake turereniya, can ake ɗaukar hoto, can yara ke ɓacewa iyaye suna ƙwala kira. Mu 'yan ƙauyen Duan ba mu cika leƙawa ba. A kan tudun nan muka yi kiwon awaki, a gefensa muke shuka alkama, kuma sarkin da ke kwance a ƙarƙashinsa shekara dubu biyu da 'yan kai bai taɓa ba wa ɗayanmu ko allura ba. Amma akwai wata 'yar rumfa a gangaren yamma, daidai inda kwalta ta yi wata lanƙwasa kamar ba gaira ba dalili. Wannan kam tamu ce, domin Duan Fenlan ce ta lanƙwasa titin da hannunta.

In ka gan ta a kasuwa ba za ka sake kallonta ba. Gajeruwa ce, kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu tudu, tafin hannunta kuwa ya yi kanta har ba ta jin zafin tukunya. Ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, gara ka je ka lallashi turmi.

Ita kaɗai Duan Shuanlao ya haifa. Uban Shuanlao ɓarawon kaburbura ne, babu wanda bai sani ba, kuma babu mai bari a manta. A shekarun yunwa ya shiga sana'ar, a cikinta ya mutu, rami ya rufta da shi. Abu biyu ya bar wa ɗansa, baƙin suna da dagi. Dagin ba irin na kafa shinge ba ne. Bakinsa ƙarfe ne mai kama da bututun da aka tsaga biyu, an ƙafa shi a doguwar sanda. Ka ɗaga ka sake shi ya faɗi tsaye, ka murɗa, ka zaro, sai ya fito da curin ƙasa a bakinsa. Da haka ake huda ramin da bai fi bakin kofi faɗi ba, ya yi zurfin gaba biyar ko shida, mai ido ya karanta abin da ke ƙasa tun ba a tone ba.

Shuanlao bai taɓa ɗaukar ko tsinke daga kabarin wani ba, amma sunan ɗan ɓarawo ya bi shi har ya yi furfura. Shekarar da masu haƙa magudanar ruwa suka ci karo da kawunan yumɓu a gabas da tudu, gwamnati ta turo masana daga birnin Xi'an. Sun zo da littattafai da igiyar awo, sai dai babu wanda ya iya jin maganar ƙasa a cikinsu. Da suka gaji da tone-tonen banza, wani ya raɗa musu cewa su nemi ɗan ɓarawo. Haka abin da ake yi masa gori a kai ya zama hanyar cin abincinsa.

Tun da ba shi da ɗa namiji, sai ya ɗora 'yarsa. Tana shekara goma sha biyar ya fara jefa mata curin ƙasa a tafi.

"Wannan fa?"

"Ƙasa ce mana, Baba."

"Kai, na haifi malama! Da na ɗauka tuwo ne. Fasa ki duba."

Ta fasa. Rawaya ce tas, a cure, babu gauraye.

"Wannan tun da aka yi duniya ba wanda ya taɓa ta," in ji shi. "Riƙe wannan kuma."

Na biyun ɗige-ɗige ne, rawaya da baƙi da ja a cakuɗe, kamar gashin zabuwa.

"Wani ya haƙa ta ya mayar. In kin ga haka, akwai mai kwana a ƙasa. In kuma kin ga ta hawa-hawa da tauri, daɓe ne, aikin sarauta ke nan. Ki riƙe wannan, Fenlan. Mutum yana mantuwa, takarda tana ƙonewa, amma ƙasa in aka taɓa ta sau ɗaya, ko bayan shekara dubu biyu sai ta kai ƙara."

Cikin shekara biyu ta iya abin da wasu maza suka yi shekara goma ba su iya ba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai wata magana da ta daɗe tana cin Shuanlao a ciki. Yana saurayi ya haƙa ramin ajiye dankali a tsohuwar gonarsu ta gangaren yamma, ƙarƙashin wata kanya. Da ya kai zurfin mutum ɗaya da rabi, sai ya ga ƙasa ta yi ja da tsatsa, ga ƙashin ƙwauri da zoben ƙarfe zagaye da shi. Tsoro ya kama shi. Ɗan ɓarawon kabari a gan shi da ƙashi a hannu, wa zai tsaya jin bayani? Ya kwaso toka da fasasshen kwano da sharar gida ya antaya, ya cike ramin, ya kama bakinsa. Daga baya aka haɗe gonaki, aka baje gangaren, aka sare kanyar, iyakoki suka ɓace. Ko shi kansa bai iya nuna wurin da yatsa ba.

Amma da ya yi shekaru yana taya masana neman dawakan sarki da rumbunan sarki da matan sarki na yumɓu, sai abin ya dawo masa. Wata rana ya tari shugaban aikin, wani dogo mai tabarau.

"Ranka ya daɗe, tudun nan ba daga sama ya faɗo ba. A kwando aka kawo shi, a kafaɗar mutane. Waɗanda suka ɗauko shi suna can yamma, da mari a ƙafarsu. Na gani da idona."

Mai tabarau ya ba shi kwana biyu da mutum shida. Suka huda gangaren yadda littafi ya ce, rami ɗaya a kowane taku biyar. Ƙasa rawaya tas suka yi ta zarowa. Rana ta uku da tsakar rana, kowa ya tsuguna da kwanon taliyarsa, mai tabarau ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Duan, ko dai so kake mu juya baya mu kalli yamma, kai kuma ka ji da gabas? Ai an ce kyan ɗa ya gaji ubansa."

Aka kwashe da dariya. Shuanlao ya ajiye kwanonsa da sauran taliya a ciki, ya miƙe. A wurinmu, namiji ya bar taliya a kwano, to abin ya kai inda ya kai. Fenlan tana tsugune a gefe, shekararta goma sha bakwai, ta ji kamar a fuskarta aka watsa ruwan zafi. Ta tsani mutumin nan tun daga ranar, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Za ka ce me ya hana su su je su huda da kansu? Doka ce ta hana. Duk wanda aka kama ya soka dagi a kewayen tudu ba da izini ba, gidan yari zai kwana, balle ɗan wane. Shuanlao ya ci gaba da aiki domin ciki ba ya jin fushi, amma bai ƙara tayar da zancen ba sai ranar da zai cika. Yana kwance a gadon ƙasa, an hura wuta a ƙarƙashi duk da bazara ce, ya kamo hannun 'yarsa.

"Suna nan, Fenlan. Ban yi ƙarya ba."

Abin da ya bar mata ke nan, da dagin.

Ta yi aure ba ta bar gida ba. Lei Mantun, wani ɗan kan dutse da iyayensa suka haifi maza biyar babu gonar raba musu, shi ya tare a gidanta. 'Yan ƙauye suka laƙaba masa amaryar gidan Duan, shi kuwa ko a jikinsa. Ya iya murza taliya mai faɗin ɗamara, ya iya soya barkono, kuma bakinsa ba ya mutuwa. Suka haifi 'ya ɗaya, Ping, wadda ta girma ta tafi birni aikin asibiti.

Shekara talatin Fenlan tana bin masana. Da damina ta duba gonarta, da an kira aiki ta saɓa dagi. Ita ta gano bangon da ya kewaye tudu ta kudu, ita ta gano ramin tumakin yumɓu, har ya zama in mazan sun zaro curin da ya gagare su, sai ka ji, "A kira Yaya Fenlan." Shugabanni kuwa sun zo sun tafi, biyar ko shida. Duk sabon da aka kawo, a makon farko za ta same shi da maganar gangaren yamma. Amsar ba ta canzawa, wai an taɓa dubawa ba a ga komai ba, kuma ba ya cikin tsarin bana.

"Maman Ping, ke fa ko kuturu ya fi ki saurin sakin abu," in ji Mantun. "Mutanen nan sun yi shekara dubu biyu suna barci, ke ce kaɗai ba ki barci."

"Murza taliyarka."

"Ina murzawa, ranki ya daɗe. Amarya ai ba ta musu."

Tana da shekara arba'in da tara aka manna takarda a bangon ofishin ƙauye. Za a fitar da babban titi zuwa filin jirgi, kuma ta gangaren yamma zai bi. Za a kankare ƙasa zurfin mutum biyu kafin a zuba dutse. Fenlan ba ta iya karatu sosai ba, amma ta gane zanen. In motocin suka shiga, duk abin da ke kwance a wurin zai tafi a bayan tifa, a zubar a kwazazzabo, kuma maganar ubanta za ta tabbata ƙarya har abada.

Sa'a ɗaya, ƙa'ida ta ce ba a ba masu titi fili sai masana sun duba. Aka ba su kwana goma sha biyar. Shugabar aikin a lokacin wata matashiya ce, Malama Rong, siririya mai hular kaba, wadda ba ta fi sa'ar Ping ba. Ta ja igiya, ta kafa tutoci, taku biyar biyar yadda littafi ya ce. Fenlan ta yi murna har ta kasa cin abinci a ranar farko. Shekara talatin da biyu tana jiran izinin soka ƙarfe a wurin nan.

Kwana goma sha ɗaya suna huda. Rawaya tas, rawaya tas, sai ka ce da gayya. Murna ta koma fargaba. A karo na farko a rayuwarta ta tambayi kanta, shin ko tsohon ya ruɗe ne? Ko ƙashin jaki ya gani da ƙarfen garma? Tunanin ya ba ta kunya, amma ya ƙi tafiya.

Rana ta goma sha biyu ta faɗo a ranar sharar kaburbura da muke yi duk shekara, ba a aiki. Da hantsi ita da Mantun suka tafi maƙabartar dangi da tsintsiya da shebur da turararren burodi a kwando. Suka cire ciyawar da ta rufe kabarin Shuanlao, suka ƙara masa ƙasa, ta danne farar takarda da dunƙulen ƙasa a samansa kamar yadda aka saba. Mantun ya dafa shebur yana kallon Tudun Sarki da ya tokare sama daga nesa.

"Dubi ikon duniya," in ji shi. "Wancan shi kaɗai ya cinye gonar mutum ɗari. Surukina kuwa, taku biyu a tsaye, taku ɗaya a kwance, shi ke nan. Talaka ko a mutuwa ba ya cin fili."

Fenlan ta daina sharar. Ta taka gefen kabarin, ɗaya, biyu. Ta taka faɗinsa, ɗaya. Ta ja baya ta ƙirga taku biyar, ta juyo ta kalli inda ta baro. Kabarin ubanta, da na kakarta a gefensa, dukansu sun shige tsakanin inda ta tashi da inda ta tsaya, babu wanda ƙafarta ta taɓa.

"Baban Ping, riƙe kwandon nan."

"Ina kuma za ki? Ba mu ko gaisa da tsoho ba!"

"Ka gaishe shi. Ka ce ina zuwa."

Ta sami Malama Rong a ɗakin da masana suka kama haya, tana cike takardu.

"Malama, wa ya ce taku biyar?"

"Ƙa'ida ce, Goggo. Haka ake yi a ko'ina a kewayen nan."

"Ƙa'idar neman kayan sarki ce. Ramin sarki faɗi gare shi, ko makaho ya soka sai ya faɗa ciki. Wanda aka ja da mari aka jefa fa? Kina tsammani ɗaki da falo aka haƙa masa? Shekara talatin muna tankaɗe gero da rariyar da aka yi don masara, muna cewa babu gero."

Malama Rong ta ajiye alƙalami. Ba sakarya ba ce, nan take ta gane, sai dai ta kuma iya lissafi.

"In muka koma taku ɗaya, aikin ya ninka sau ashirin da biyar. Kwana uku suka rage mana. Ko duk ƙauyen nan ya fito ba za mu gama ba."

"Ba duka ba. Tsohuwar gonarmu kaɗai, daga inda ƙasa ta fara sauka zuwa bakin kwazazzabo. Kuma ba ƙashi zan fara nema ba. Ramin dankalin babana zan nema, shi ya fi faɗi, ya cike shi da toka. In na ga toka, su suna gefe."

"In ba a samu ba fa? Na riga na gaya wa na sama cewa fili babu komai."

"In ba a samu ba, ki rubuta cewa jikar ɓarawo ce ta ɓata miki lokaci. Sun saba ji, ba za su yi mamaki ba."

Malama Rong ta daɗe tana kallon hannayen matar. Sannan ta jawo wata takarda ta sa hannu.

"Kwana uku, Goggo. Amma ba zan tilasta wa kowa ya bi ki ba, sun gaji."

Washegari tun rana ba ta fito sosai ba Fenlan ta shiga gonar ita kaɗai. Filin ya kai masussuka goma a haɗe. Ta fara daga sama, ɗaga, saki, murɗa, zaro, duba, taku ɗaya gaba. Mazan suna ƙarasa layinsu na taku biyar a can gefe, suna jefo mata magana.

"Yaya Fenlan, shuka wake kike yi ne?"

"A'a, allurar tsoho take nema, ta faɗi tun zamanin yunwa!"

Ba ta ɗaga kai ba. Da azahar Mantun ya kawo taliya da tafarnuwa, ta ci a tsaye. Kafin faɗuwar rana ta huda rami sittin da wani abu, babu komai. Kantar shekara talatin ta fashe a tafinta, sandar ta yi jini.

Rana ta biyu aka tashi da yayyafi. Ƙasa ta yi danƙo, kowane curi sai an ƙwanƙwasa kafin ya fita daga bakin ƙarfe. Ta naɗe hannu da tsumma ta ci gaba. Wajen hantsi ta ji ƙarar wani dagi a bayanta. Tsoho Hou ne, wanda ya fi kowa yi mata tsiya jiya.

"Kada ki ɗauka na yarda da haukarki," in ji shi. "Kallonki ne ke sa ni ciwon baya."

Kafin la'asar su bakwai ne a jere, kafaɗa da kafaɗa. Malama Rong ma ta tuɓe takalmi ta shiga caɓi tana karɓar curi tana fasawa. Ranar ma haka ta wuce, rawaya tas. Da Fenlan ta koma gida ta kasa ɗaga hannu ta tuɓe riga, sai da Mantun ya taimaka mata. Wannan karon bai yi wasa ba, ya dafa ruwan zafi da gishiri ya gasa mata kafaɗa.

Rana ta uku motocin titi suka iso, guda biyar, suka jera a bakin gona da haƙoransu a ƙasa. Shugabansu ya zauna a inuwar ɗaya yana kurɓar shayi daga kwalba yana duba agogo. Ba mugun mutum ba ne, aikinsa yake jira. Ya ce da Malama Rong gobe da sassafe zai tayar da inji.

Tsakar rana ta wuce, an ci kashi biyu cikin uku na gonar. Mazan sun fara sassauta hannu. Hou ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, kin yi iya yinki. Tsoho ma ya gani daga inda yake. Ki huta haka."

"Rana ta faɗi ne?"

"Ba ta faɗi ba."

"To matsa min."

Inuwa ta fara tsawo lokacin da dagin ya shige da wani irin laushi da hannunta ya ji tun kafin idonta ya gani. Ta zaro. Curin ya fito toka-toka, ya ruguje a tafinta, ga gawayi a ciki. Ta sake sokawa. Ƙarfe ya ce ƙyas, ta murɗa a hankali, ya fito da ɓallin kwano mai shuɗin zane, irin kwanon da kowane gida yake da shi muna yara.

"Ku zo nan!" Muryarta ta fita da ƙarfin da ba a san ta da shi ba. "Ku kewaye wurin nan, rabin taku, rabin taku!"

Rami na huɗu daga tokar, a zurfin mutum ɗaya da rabi, ƙasa ta fito da ɗigon zabuwa. Na gaba ta fito ja jawur da tsatsa, da wani farin gari a jikinta wanda duk mai dagi ya san ko mene ne. Hou ya zaro irinta taku biyu daga nan. Wani ya zaro a bayansa. Duk inda aka soka yanzu, ƙasa sai ta amsa. Ga tsohon ramin da aka huda makon jiya a dama, ga wani a hagu, mutanen suna kwance a tsakani an tsallake su.

Malama Rong ta ruga wajen masu titi tana ɗaga takarda, hularta ta faɗi ba ta waiwaya ba. Fenlan kuwa ta zauna daɓas a cikin laka da jan curin a cinyarta. Ta ɗauka in ranar nan ta zo dariya za ta yi, ta je ta tsaya a kan kabarin mai tabarau ta faɗa masa magana. Sai ga shi kuka ne ya zo, kuka mai sauti irin na yara. Daɗi ne da baƙin ciki a haɗe, domin wanda ya kamata ya gani ya yi shekara ashirin a ƙasa.

Shekara uku aka yi ana tono da cokali da burushi. Layi-layi aka same su, ramukan ba su fi faɗin ƙofa ba, wani mutum ɗaya, wani uku a cushe. Da mari a ƙafa, da ƙarfe a wuya, wasu a dunƙule yadda aka jefa su. Babu tukunya, babu tsabar hatsi, babu ko abin da ake sa wa matacce a baki. Da aka wuce ɗari uku Fenlan ta daina tambayar adadi. Masu titi suka yi ta kai da kawo da takardu, a ƙarshe aka karkatar da hanyar, aka yi wa wurin rufi.

Ranar da aka buɗe rumfar, manya sun zo sun yanke kyalle sun wuce gabas wajen sojojin yumɓu. Fenlan ta jira sai da aka watse, ta shiga da rigarta ta zuwa biki, Mantun yana biye. Malama Rong ta kama hannunta ta kai ta gaban wani ƙaramin akwatin gilashi a bakin ƙofa. Babu zinariya a ciki. Ɓallin kwanon nan ne mai shuɗin zane, an ɗora shi a kan farin ƙyalle, da 'yar takarda a gefe.

"Karanta min, Malama. Idona ba ya kama ƙananan nan."

Malama Rong ta karanta: "An samo wannan a ramin dankalin Duan Shuanlao, manomi kuma gwanin dagi na ƙauyen Duan. Shi ya fara faɗin cewa maginan tudu suna kwance a nan."

"Sake karantawa."

Ta sake.

"Babu ɗan ɓarawo a ciki?"

"Babu, Goggo."

Fenlan ta gyaɗa kai. Ta leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi. Tun daga shekarar, duk ranar sharar kaburbura za ka gan ta a rumfar da tsintsiya da burodi a kwando. Masu gadi sun yi ta faɗa mata ba a ajiye abinci a wurin, ita kuma amsarta ɗaya ce, su nuna mata wanda mutanen nan suke da shi in ba ita ba. Yanzu sun gaji, suna buɗe mata ƙofa.

Amma a ranar buɗewar, daga rumfar gida ta nufa. A kan taga akwai wani ƙunshi da ya shekara uku a wurin, jan curin farko ne, wanda Malama Rong ta bar mata bayan an auna an rubuta. Ya bushe ya yi tauri. Ta ɗauka ta tafi maƙabarta, ta ce wa Mantun ya jira ta a bakin hanya. Ta shimfiɗa farar takarda a kan kabarin ubanta, ta danne da curin, ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwa.

"Baba," ta ce, "suna nan."